Fatar Kifi A Bayan Baka: Dukiyar Da Muke Zubarwa A Bakin Kogi



Duk wanda ya san Kalakla ya san unguwa ce da ke kwance a gefen Bahar Abyad, wato Farin Nilu, kuma duk wanda ya san Hausawan wannan yanki ya san cewa su na daga cikin sana'o'in da suka riƙe mu shekara da shekaru. Tun daga madatsar ruwa ta Jabal Auliya, wadda aka gama ginawa a 1937, har zuwa kasuwar kifi ta Maurada a Umdurman, hannunmu ya saba da taru da ƙugiya da wuƙar gyaran kifi. Ƙananan bulɗi, wato karfasa, da fatarsu ake soya su a cinye. Amma idan aka kamo ƙaton giwan ruwa, wanda 'yan'uwanmu Larabawa ke kira ijil, aka yanke tsokarsa domin gidajen abinci, fatar nan tasa mai faɗi sau da yawa a juji take kwana, rabon kuliyoyi da ƙudaje, alhali kuwa a wasu ƙasashe kuɗi ake sawa a saye ta.

A wannan wata mun ga ya dace mu tattauna a kan wani amfani na fatar kifi wanda yawancinmu ba mu taɓa ji ba, wato liƙa ta a bayan baka na itace. Mai karatu na iya cewa, yau da ake zamanin bindiga da jirgi maras matuƙi, wa ke ta baka? Amsarmu ita ce, ba domin faɗa muka ɗauko wannan zance ba, domin faɗa kam mun gan shi ya ishe mu. Yaƙin da wani zai so a ce tatsuniya ce, ran 15 ga Afrilu 2023 ya ɓarke a kan idonmu, kuma Kalakla na cikin unguwannin da suka ɗanɗana kuɗarsu. Tun da sojoji suka karɓe Hartum a watan Maris 2025 mutane suka fara komowa, da yawa suka tarar an kwashe gida, an fasa shago, jari ya tafi. Wanda ke cikin irin wannan hali ba ya raina sana'ar da kayan aikinta ke zube kyauta a bakin kogi.

Gadon Baka A Gida Biyu

Mu Hausawan Sudan ta fuska biyu muka gaji baka. Ƙasar da muke zaune a cikinta, Misirawan dauri suna kiran arewacinta Ta-Seti, ma'ana ƙasar baka, saboda gwanintar Nubawa wajen harbi. Masu haƙar kayan tarihi sun sha tono zobban dutse a kaburburan zamanin daular Marawi, irin waɗanda maharba ke sawa a babban yatsa domin jan tsarkiya. Haka kuma lokacin da rundunar Abdullahi ɗan Sa'adu ɗan Abi Sarhi ta kewaye tsohuwar Dungula a shekarar 652, maharban Nuba sun nuna irin iya saitin da ya sa marubutan Larabawa suka yi musu laƙabi da masu harbin ƙwayar ido. A ƙarshe sulhu aka yi, aka ƙulla yarjejeniyar nan ta Baƙaɗ wadda ta ɗauki ɗaruruwan shekaru tana aiki.

Ta fuskar ƙasar Hausa kuwa, a yaƙin Tafkin Kwatto cikin watan Yuni 1804, jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo dawakinsu kaɗan ne ƙwarai, 'yan baka ne suka tarwatsa barade da 'yan lifidin Sarkin Gobir Yunfa. Bayan shekara 99, ran 27 ga Yuli 1903, aka yi yaƙin Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, kuma a ranar kibiya ce ta kashe Manjo Marsh, jagoran rundunar Ingila. Daga cikin waɗanda suka tsira ne ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jawo ayari ya yiwo gabas, har suka zauna a gefen Bahar Azraƙ kusa da Sinnar, garin da ake kira da sunansa har yau. Ke nan a cikin kayan da kakannin wasunmu suka ratso daji da su, akwai kwari da baka.

Sai dai ya kamata mu faɗi gaskiya tun da wuri. Bakan Bahaushe sanda ɗaya ce tilo, a sare ta, a busar, a sassaƙe, a ɗaura mata tsarkiya. Akan yi ta da itace mai juriyar lanƙwasa irin su dargaza, wadda nan ake kira basham, ko ɗunɗu, wato kadad, ko kuwa gora, wato gana. Liƙa fatar kifi a bayanta dabara ce ta wasu al'ummai, mu aro za mu yi, kuma aron ilmi ba abin kunya ba ne.

Inda Abin Ya Samo Asali

Mutanen da suka zauna a bakin manyan koguna na ƙasashen sanyi su suka fi kowa sanin darajar fatar kifi. Ƙabilar Nanai, waɗanda a ƙasar Sin ake kira Hezhe, mazauna gefen kogin Amur a kan iyakar Rasha da Sin, riguna da wanduna da takalma suke ɗinkawa da ita, har a 2006 gwamnatin Sin ta sa wannan sana'a cikin jerin al'adun gado na ƙasa da za a kiyaye. Ainawa na arewacin Japan su ma da fatar kifin salmon suke yin takalman shiga ƙanƙara.

A wajen masu yin baka kuwa, kifi ya fara shiga ne ta hanyar gam. Turkawa da Mongolawa da Sinawa da mutanen Koriya ba da sanda ɗaya suke yin bakansu ba. Sukan haɗa abu uku: itace a tsakiya, ƙaho ta ciki, agara ta baya, wato jijiyar ƙafa ko ta gadon bayan dabba da aka daka aka tsefe kamar zare. Abin da ke riƙe waɗannan ukun kuwa gam ne, kuma wanda ake dafawa daga jikin kifi yana cikin waɗanda suka fi yarda da su. Har gobe masu yin bakan gargajiya a Koriya da jakar iskar nan ta cikin wani kifin teku suke dafa nasu. Da irin wannan baka ne Sarkin Daular Usmaniyya Salim na uku ya harba kibiya ta yi tafiyar fiye da mita 880 a filin harbi na Istanbul a 1798.

A Amurka ma akwai labarin wani mutum da aka sa wa suna Ishi, wanda shi ne na ƙarshe a ƙabilar Yahi ta jihar Kalifoniya. Ya fito daga daji a 1911, ya rasu a 1916. Likitansa, Saxton Pope, ya zauna ya koyi harbi a wurinsa, ya kuma rubuta yadda Ishi ke tauna agarar barewa har ta yi laushi, ya dafa fatar salmon ya sami gam, sa'an nan ya shimfiɗa agarar a bayan bakansa. Daga irin waɗannan rubuce-rubuce ne masu sha'awar sassaƙa baka da hannu a Amurka da Turai suka farfaɗo da sana'ar, kuma a cikinsu ne a yau aka fi samun masu rufe bayan baka da fatar maciji ko ta kifi, musamman ta sitajin, babban kifin nan da ake samun ƙwai mai tsada daga cikinsa.

Abin Da Fata Ke Yi Da Wanda Ba Ta Yi

A nan ne muke so mai karatu ya natsu, domin a nan ne mai koyo yakan yi asarar itacensa. Baka tana da baya tana da ciki. Baya shi ne ɓangaren da ke duban abin da za a harba, ciki kuwa shi ne mai duban maharbi. Idan aka ja tsarkiya, itacen baya miƙewa yake yi kamar igiyar guga, na ciki kuma matsewa yake yi. Yawancin karyewar da kan zo da ƙara farat ɗaya daga baya take farawa: wani ɗan sili ya ɗago a wurin da aka yanke zaren itace ko wurin da ke da kulli, sai tsagar ta bi shi ta ratsa. Zafinmu na watan Mayu da Yuni, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, yana ƙara wannan haɗari, domin itacen da ya bushe ƙayau ya fi saurin tsagewa ta baya.

Agara ƙarfi take ƙara wa baka, domin tana miƙewa ta koma, tana kuma jawo bakan baya idan ta bushe. Fatar kifi ba ta yin wannan. Ba za ta ƙara wa kibiya nisa ba ko da taku ɗaya, hasali ma idan ta yi kauri nauyinta zai rage wa bakan hanzari. Aikinta uku ne. Na farko, takan danne ƙananan silayen da ke son ɗagowa, domin zarurrukanta a saƙe suke suna giciye da juna, shi ya sa take da wuyar yagewa duk da rashin kaurinta. Na biyu, idan an shimfiɗa agara, fatar kan zame mata riga, ta tsare ta daga gogayya da zufa da raɓar damina, muddin an shafe ta da mai ko fenti mai hana ruwa shiga. Na uku shi ne ado, domin idan aka cire ɓamɓaroki, gurabensu kan bar wani zane kamar saƙar tabarma wanda ba mai alkalamin da zai iya kwaikwayonsa.

Saboda haka duk wanda ya ce maka fatar kifi za ta gyara bakan da aka sassaƙa ba daidai ba, to, kada ka saurare shi. Sai an tabbatar hannuwan bakan biyu suna lanƙwasa daidai wa daida, babu inda ya ƙage, babu inda ya karye gwiwa, kafin a yi zancen fata. Riga ba ta warkar da karaya.

Wane Kifi Ya Dace?

Allah ya hore wa Bahar Abyad kifi iri-iri. Giwan ruwa shi ne kan gaba, domin yana girma har ya haura kilo 100, fatarsa na da faɗi da tsawo da zane mai kyau. Sai dai ta babba ƙwarai takan yi kauri, don haka ta matsakaici ta fi dacewa da baka, ta babban kuwa a kai ta majema. Tarwaɗa, wato garmuɗ, ba ta da ɓamɓaroki, fatarta na da sulɓi da ƙwari, amma mai ya yi mata yawa, sai an sha wahalar wanki. Bulɗi zanensa na da kyau amma gajere ne, sai an yi ta gwama guntaye, kuma kowane magami wuri ne da ruwa zai iya shiga. Kas da kawara, waɗanda ake yin fasik da su, a bar wa masu gishiri abinsu.

Yadda Ake Aikin

Da farko a fiɗe fatar tun kifin yana sabo, kafin rana ta taɓa shi, a bi a hankali kada wuƙa ta huda ta. A shimfiɗa ta a kan katako mai santsi, a sa cokali ko bayan wuƙa a kankare sauran tsoka da kitse sarai, sa'an nan a juya a cire ɓamɓarokin. Daga nan sai wanki da sabulu, a sake, a kuma sakewa, har sai an shafa an ji babu maiƙo. Mai shi ne babban abokin gaban gam, kuma shi ne ke kawo ƙarni daga baya. A kula ƙwarai, da ruwan sanyi ake wannan wanki, domin fatar kifi ba ta jure zafi kamar ta akuya ba, ruwan zafi zai ƙanƙance ta ya dafa ta. Idan ta wanku, a miƙe ta a kan allo, a kafe gefunan da ƙananan ƙusoshi, a shanya a inuwa inda iska ke ratsawa. Za ta bushe ta yi kamar takarda mai ƙarfi, kuma a haka za ta iya jira wata da watanni idan an tsare ta daga ƙwari da ɓera. Wadda za a liƙa wa baka ba a jeme ta, ɗanyarta busasshiya ta fi kama gam, ta kuma fi rashin nauyi.

Gam kuwa ana iya dafa shi daga ragowar guntayen fatar, ko daga jakar iskar giwan ruwa, ko daga ƙirgin saniya. A yayyanka, a jiƙa, a ɗora a wuta marar ƙarfi na sa'o'i masu yawa ba tare da an bari ya tafasa ba, a tace da ƙyalle. Idan ya huce ya daskare kamar romon ganda da ya kwana, to, ya yi. Wanda ba shi da halin wannan, farin gam na kafintoci zai yi masa aiki. Amma muna jan kunne game da ƙaro. Duk da cewa Sudan ce uwa a duniya wajen samar da shi, ƙaro idan ya bushe tsagewa yake yi, ba ya jure lanƙwasa, don haka ba shi da gurbi a wannan aiki.

Ranar liƙawa, a jiƙa fata biyu a ruwan sanyi har su yi laushi, a tsane su da ƙyalle. A goge bayan bakan da takardar yashi sama-sama, a share ƙurar, a shafa gam tsararo a bari itacen ya sha. Sa'an nan a sake shafawa a itacen da cikin fatar, a ɗora fata ɗaya a kowane hannu, wajen kai a tsakiya inda ake riƙewa, wajen wutsiya yana duban ƙarshen bakan, domin zanen ya yi daidai hagu da dama. A bi da yatsa daga tsakiya zuwa gefe ana korar iska. A naɗe da tsumma mai laushi ba da matsi sosai ba, bayan 'yan sa'o'i a kwance domin kada tsumman ya bar shaida. Daga nan sai haƙuri. A ajiye bakan a inuwa kamar mako guda ko fiye, a damina ma a ƙara, kada a ɗaura tsarkiya kafin nan, domin itacen ya sha ruwa, idan aka ja shi a haka zai lanƙwashe ya ƙi komawa. Sannu ba ta hana zuwa. Idan ya bushe, a datse abin da ya yi saura a gefe da reza, a bi da zarto mai laushi daga baya zuwa ciki kada fatar ta ɗago, a naɗe magamin tsakiya da jan fata irin ta dukawanmu, sa'an nan a shafe duka da fenti mai sheƙi sau biyu ko uku.

Ina Ribar Take?

Ba mu ce kowa ya bar taru ya koma sassaƙar baka ba. Kasuwar baka ƙarama ce: masu ƙawata ɗaki, masu wasannin gargajiya a bukukuwa, makarantu da ƙungiyoyin matasa masu son koyon harbin saiti, wanda malamanmu suka daɗe suna karantar da mu cewa yana cikin abubuwan da ake so a koya wa yara tare da iyo da hawan doki. Amma wanda ya iya fiɗe fata, ya wanke, ya busar ba tare da ta lalace ba, ya riga ya yi rabin tafiya zuwa babbar kasuwa, wato ta jemammiyar fatar kifi. A Kisumu ta ƙasar Kenya, a bakin tafkin Biktoriya, wannan giwan ruwa namu dai shi ake jeme fatarsa a ɗinka takalma da jakunkuna da ɗamara. A Ayisland ma an yi suna da jemar fatar kifin teku wadda manyan gidajen ɗinki na Turai ke saye.

To, mu me muka rasa? Jima gadonmu ce. Jar fatar akuyar Sakkwato da Kano ce ta ratsa Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Bagaruwar da majemanmu ke aiki da ita ita ce garad, 'ya'yan itacen sunuɗ, ga ta nan a wajen masu kayan haɗi a kasuwar Laffa da ta Umdurman. Masu ɗinkin markub sun saba da fatar maciji, ba za su rasa yadda za su yi da ta kifi ba. Daɗin daɗawa, fatar kifi mai tsarki ce ko ba a jeme ta ba, domin a shari'a mushen ruwa halal ne, ke nan babu shakka ga wanda zai sa alabenta a aljihu ya shiga masallaci. Masunci da majemi da baduku da masassaƙi duk muna da su a tsakanin Kalakla da Mayo da Jabal Auliya. Abin da ya rage shi ne su zauna wuri guda su san cewa sharar wannan ita ce jarin wancan. Mata da ke gyaran kifi su ne za su fi kowa cin moriya, domin fatar ta hannunsu take fara bi.

Jan Kunne

Akwai abu uku da ba za mu rufe wannan shafi ba mu faɗa ba. Na farko, masu shiga gonaki da kurmin bakin kogi neman itace su yi hattara ƙwarai, domin yaƙi ya bar harsasai da bama-baman da ba su fashe ba a wurare da yawa na jihar Hartum. Duk ƙarfen da ba ka san shi ba kada ka taɓa, ka sanar da hukuma, ka kuma gargaɗi yara. Na biyu, itatuwa sun sha sara a shekarun nan saboda neman gawayi da makamashi, don haka reshe ɗaya miƙaƙƙe ya isa, kada a kayar da bishiya saboda baka. Na uku, baka makami ce ko da ta ado ce. A halin da ƙasa ke ciki kada saurayi ya rataya ta ya bi titi, kada a sa wa kibiya dafi, kuma duk ƙungiyar da ke son koyar da harbi ta nemi izinin hukuma tukuna, ta sami fili mai katanga, ta sa babba ya tsaya a kan yara.

Daga ƙarshe muna roƙon dattawanmu na Mai Wurno da Sinnar da Gadarif da Kosti da sauran garuruwa, duk wanda ya san yadda iyayenmu ke zaɓen itacen baka, da watan da ake sararsa, da yadda ake murza tsarkiya da gyara kyauro, ya sa ɗa ko jika ya rubuto mana, da Hausa ko da Larabci, da boko ko da ajami, za mu buga. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Haka kuma duk wanda ya gwada wannan aiki na fata, ya aiko mana da labarin irin kifin da ya yi amfani da shi da yadda ta kaya, domin wani ya ƙaru.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar wa kowa da alherin abin da ya rasa, ya sa albarka a sana'o'inmu. Amin.